Ranar da Na Tashi Tsaye a Majalisar Yamai

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga ubanka, Madugu Alhusaini, a zangonmu na kwarin Gugaram, zuwa ga ɗana Ilyasu, wanda ke Agadas yana jiran kamyon da zai kai shi Yamai. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya sauke ka lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin masu jiran ka a ƙarshen hanya. Uwarka da ƙanenka Musa suna gaishe ka. Labarin raƙuma da awaki ka tambayi wanda ya kawo takardar, ni ba shi ya zaunar da ni ba.

Malam Idi ne ke rubutawa, ni ke faɗa. Na ce ya rubuta da ajami domin ka karanta da idonka, kada ka miƙa wa wani abokin partinka ya karanta maka. Na kuma gaya masa duk inda na yi zafi ya rubuta da zafinsa, kada ya sirka mini magana da ruwa.

Ranar da ka zo yi mini sallama, bayan an ce ka ci ƙuri'a za ka zauna a majalisar ƙasa, zango ya cika, mata na guɗa, shayi na zagayawa. Ka ga ban ce maka komai ba sai "Allah ya kiyaye." Ka tafi da fushi, na gani a tafiyarka. Ka ɗauka ina ƙyashin ka hau kujerar da na taɓa hawa. Kujerar nan, da tana gabana yau, da na faskara ta na hura wutar shayi da ita. Abin da ya rufe mini baki ba na faɗi a gaban jama'a ba ne, shi ya sa na biyo ka da takarda.

Kana lakwal kana karatun boko a lokacin, ba ka san yadda aka yi na shiga ba. Bayan yaƙin Nasara ya ƙare, aka ce Faransa ta ba mu majalisa. Kumandan, Baturen mulki, ya aiko gumiye, ɗan sandansa na kan raƙumi, ya kira ni Agadas. Ni na ɗauka raƙuman ɗaukar kaya zai sake nema, har na shirya ƙaryar cewa ƙazwa ta kama su. Sai ya ce ta bakin tafinta, "Madugu, kai za ka wakilci arewa. Kana jin Hausa, ka san Kano ka san Bilma, kuma ba ka da surutu." Na ji daɗin na farko da na biyu. Na ukun ban tsaya na auna shi ba, alhali shi ne ainihin dalilin. An yi ƙuri'a, i, amma masu jefa ta sarakuna ne da tsofaffin soja da masu kanti, kuma kowa ya san takardar da ake so ya jefa. Ni da ba na sayen amale sai na duba haƙoransa da tafin ƙafarsa, ni ne na karɓi kujera ban tambayi abin da ake yi a kanta ba, ban tambayi su wa zan tarar ba.

Kai ma na tambaye ka su wa za ku zauna da su, ka ce mini, "Mutanenmu ne, Baba." Wannan ba amsa ba ce, Ilyasu. Kafin ka ɗora mazaunanka a benci, ka san kowane mutum da ke ɗakin: garinsu, sana'arsa, wa ya sa shi, wa yake tsoro. Ka fi mai da hankali ga na ƙarshen.

Bari in gaya maka yadda na sami ɗakin. Zaure ne dogo mai manyan tagogi, da benci-benci, kowane benci da teburinsa a gaba. Can gaba Nasara suke. Duk Nasaran ƙasar nan in ka tara su ba za su cika kasuwar Agadas ba, amma kujera ɗaya cikin kowace uku tasu ce, kuma akwatin ƙuri'arsu daban yake da namu. Akwai mai kantin yadi, akwai mai kamfanin kamyo, akwai wani tsohon hafsa mai jan wuya da ya koma sayen gyaɗa. Suka ce su ba su da parti. Ina ruwansu da parti, tun da in ɗaya ya ɗaga hannu sauran ba sa ma duban juna. A dama sarakunan kanto ne, wato hakiman gunduma, da 'ya'yan sarakuna da wasu attajirai. Su ne partin gwamna, ko da yake akwai wani dogon suna da suke kiran kansu da shi. A hagu akawuna ne da malaman lakwal da wani malamin asibiti, masu kwat da tabarau, su ne masu buga tebur. Su kaɗai cikin baƙar fata suke jin Faransanci ba sai sun jira tafinta ba. Sai mu 'yan tsirarun da ba a san inda za a aje ba: ni, da wani Bafillace, da wani Babarbare daga gabas wanda har muka rabu ban ji muryarsa ba.

To, ta yaya na zama ɗan partin gwamna? Ta hanyar tuwo da inuwa. Ranar da na sauka Yamai, kaina na juyawa saboda warin mai, wani tsohon sarkin kanto daga kudu ya aiko aka tarye ni a tasha. Mayaƙi ake ce masa, ya girmi ubana. Ya sauke ni a masaukinsa, ya sa aka yanka mini rago, ya ba ni ɗakin da iska ta fi shiga. Da safe ya riƙe hannuna har cikin majalisa, ya ce, "Zauna nan kusa da ni, ɗan Abzin, can rana take bugawa." Na zauna. Akawun majalisa ya ɗaga kai ya dube ni, ya sunkuya ya yi rubutu. Daga ranar nan duk lissafin da za a yi, da ni ake yin sa cikin mutanen dama, ba wanda ya tambaye ni ko da wasa. A wurinmu inda mai masauki ya nuna maka nan kake zama. A can inda ka zauna shi ne abin da ka ce.

Saboda haka ka nemi ɗakinka da kanka, ko da na haya ne a bayan kasuwa. Ka tafi da tabarmarka da butarka da sukarinka. Na san ka, jinina ne, in ka ci abincin mutum harshenka zai yi nauyi a gabansa. Su ma sun san haka, ba don ƙaunar Abzin ake yanka ragon ba.

Kada kuma ka ɗauka ina yabon mutanen hagu ne. Akwai Mushe Garba cikinsu, malamin lakwal, Mushe ɗin malam ke nan da Faransanci, mutumin kirki ne, zan dawo kansa. Amma shi ma ran da muka fara gaisawa cewa ya yi, "Madugu, ku can kuna biyan lampo kuwa?" Na ji kamar in shaƙe shi. Mu da ake ƙirga kawunanmu don haraji, a ƙirga raƙumanmu, a karɓi amalen da ya fi kyau a ce aikin gwamnati ne, a dawo mana da igiyarsa kawai! Mai ilimi ke nan, a ganinsa arewa yashi ne da aljannu. In sun tashi magana, kogi ne, gyaɗa ce, albashin akawu ne. Ban taɓa jin ɗayansu ya ce rijiya ba sai in zai yi amfani da ita ya soki gwamna. Kuma a kan idona bencinsu ya riƙa raguwa. Wanda ya cika zafi a tura shi aiki can ƙarshen ƙasa inda takarda ba ta kai wa. Wanda ya fi wayo kuwa, jiya yana buga tebur yana zagin gwamna, yau in waiwaya in gan shi zaune a bayana da sabon keke a ƙofa.

Yanzu an ce an haɗe akwatin, Nasara ba su da nasu daban, kowa na jefa ƙuri'a har uwarka. Madalla. An ce kuma partinku ne ya fi yawan kujeru. Na sa an karanta mini sunayen waɗanda kuka ci tare. Da yawansu na san su, a bencin dama na bar su suna gyangyaɗi. Rawanin da ke kansu bai sake ba, takardar da ke aljihunsu ce ta sake launi. Har da Nasara a cikin jerinku, mai kamfanin kamyon nan ma na ji sunansa. Su ne ka kira "mutanenmu" a gabana.

Yanzu ka saurara da kyau, domin duk abin da na faɗa a baya share fage ne.

Ka san Rijiyar Aduwa, da ruwanta aka yi maka wankan farko. Ka san zurfinta, ka san bakinta dutse ne amma cikinta yashi ne da muke tokarewa da itace. Kowace shekara bayan ruwan kwari ya wuce sai an sauka an yashe ta, kuma mai saukar nan kawunka Agali ne, wan uwarka. A shekarar da na shiga majalisa an sa rijiyoyin arewa cikin ayyukan da za a yi, za a kawo siminti da magina a ɗaure su tun daga ƙasa har sama. Tamu tana ciki. Shi ne kaɗai abin da na yi wa mutanenmu alkawari da zan tafi. Agali ma har ya yi mini tsiya, ya ce, "Madugu, in ka kawo simintin nan na huta da shiga kabari ina fita, sai in samu kiba kamar mutanen Yamai."

Wata safiya Mushe Garba ya tare ni a ƙofar majalisa, ya ja ni gefe. Ya ce, "Madugu, yau za a cire simintin rijiyoyinku a kai shi kudu a gina gidan saukar manyan baƙi. In aka ce masu yarda su ɗaga hannu, ka bar naka cikin riga. Mun ƙirga, in ka riƙe naka ba za su samu ba."

Na ce, "To, Mushe, na ji."

Aka yi ta karatu da Faransanci har rana ta take. Tafinta yana can baya, sai an yi magana mai tsawo ya ba mu guntuwa. Da aka zo wurin, hannuwa suka tashi a gaba da dama. Nawa na cusa shi cikin riga na danne da ɗayan. Tsoho Mayaƙi ya dube ni ta wutsiyar ido. Sai gardama ta kaure a kan ƙidaya, Nasara na cewa an samu, mutanen hagu na cewa ƙarya ne. Shugaban majalisa ya kaɗa ƙararrawa ya faɗi wata magana gajera. Tafinta shi ma ya shiga gardamar, bai juyo mana da ita ba. Ashe cewa aka yi tun da hannu ya rikice, masu yarda su tashi tsaye, waɗanda ba su yarda ba su zauna. Ni ban taɓa ganin an yi haka ba.

Abin da na gani shi ne tsoho ya dafa tebur da tafin hannu biyu yana ƙoƙarin miƙewa da kyar. Ilyasu, ka san yadda aka rene mu. Babba ba ya tsayawa kai kana kan kujera. Da a gida ne da na zame ƙasa na tsuguna, amma can babu ƙasar zamewa, benci a bayana, tebur a gabana. Kafin kaina ya yi tunani ƙafafuna sun riga sun miƙe. Na kama gwiwar hannunsa na tallafe shi har ya tsaya daidai. Da na ɗaga kai sai na ga Nasara tsaye, mutanen dama tsaye, mutanen hagu zaune, Mushe Garba ya ɗora hannu a ka yana kallo na. Yatsan akawu ya bi ta kaina ya wuce. Aka kaɗa ƙararrawa. Da tsayuwata aka samu abin da ba a samu da hannu ba.

Da muka zauna tsohon ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan Abzin, kana da ladabi." Har yau in na tuna maganar nan sai abinci ya fita raina. Ya daɗe da mutuwa, Allah ya jiƙansa, ba zan ɗora masa abin da ban tabbatar ba. Amma ya yi fatauci a arewa tun yana saurayi, ya san mu sarai, kuma shi ya zaɓa mini wurin zama.

Wannan kuskure ne, Allah ya sani. Abin da ya biyo baya ba kuskure ba ne. Mushe Garba ya tsallako wurinmu, abin da ba a saba yi ba, ya durƙusa gefen bencina yana magana ƙasa-ƙasa.

"Madugu, tashi ka ce ba ka san abin da ake yi ba. Doka ta ba ka dama ka nemi a kira suna ɗaya bayan ɗaya. Ni zan fassara maka, ba sai tafinta ba."

"Mushe, in tashi gaban Nasara in ce na miƙe ban san dalili ba?"

"Dariya za su yi su gama. Tashi, tun ba a wuce ba."

"Ga kuma mai masaukina zaune. Abincinsa na cikina."

"Madugu, rijiyarka ce fa, ba tawa ba."

Na ja amawali har gindin idona na ce, "Bari, Mushe, abin da ya wuce ya wuce." Ya dube ni, ya tashi ya koma bencinsa. Madugu guda, wanda ya ratsa Tenere da ayari ba sau ɗaya ba, ya ji tsoron dariyar mai kantin yadi. Na auna mutuncina da rijiyar mutanena a wuri ɗaya, na ɗauki mutuncin.

In ka yi kuskure a ɗakin nan, kuma za ka yi, ka tashi nan take ka faɗa da babbar murya. Kunyar da aka koya mana ta zama da surukai ce da manya a zango, ba a yi ta don ɗakin da ake raba ruwan mutane ba. Su da ke can babu mai jin kunyarka. Na ga mutum ya yi rantsuwa da safe, ya warware ta da azahar, ya ci abincinsa da la'asar ya ƙoshi.

Da za mu watse aka ba kowane mutumin dama bandir na farin yadi, wai kyautar sallama. Ka tuna shekarun nan na bayan yaƙi, tufafi ya yi wuya, mata a zango faci kan faci suke ɗaurawa, wasu sun koma fata. Na karɓa, har na yi godiya. Na kawo wa uwarka, ta shafa shi, ta ce ya yi kyawun da ba za ta yanka shi yanzu ba, ta naɗe ta sa cikin jakarta ta fata. Mutane suka tambaye ni siminti, na ce Nasara sun hana. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba. Agali ya yi dariya ya ce, "To, kibar ta fasa."

Shekarar da ta biyo baya, ruwan kwari ya yi ƙarfi, ya jiƙa ƙasa har can ciki. Da ya janye Agali ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka kamar kullum. Ni ke riƙe da igiyar a baki. Ya aiko guga na yashi, ya aiko wani, yana yi mana ba'a daga ƙasa cewa mu ja da ƙarfi ko ba mu sha nono ba ne. Sai na ji wani irin sauti mai nauyi, ƙura ta taso daga ciki, igiyar ta ƙage a hannuna. Mun ja har tafin hannuna ya saɓule. Sai da muka tona daga gefe, duk mazan kwarin nan, kafin muka kai gare shi. An aiko maka lakwal cewa rijiya ta rufta da kawunka. Abin da ka sani ke nan har yau.

Aka nemi likkafani. Duk kwarin babu farin ƙyalle mai tsawon mutum sai guda. Uwarka da kanta ta kwance jakarta ta fito da shi, ta auna da kamunta, ta yanka. Da yadin da aka biya ni tsayuwata aka naɗe wanta. Bayan an share makoki na zaunar da ita na gaya mata duk yadda aka yi, tun daga ragon har ƙararrawa. Ta saurara har na gama, ta tashi ta tafi tatsar awaki. Ba ta sake ta da maganar ba, shekara da shekaru. Da aka sake ƙuri'a kumandan ya aiko, na ce ina da ciwon ƙafa.

Mun sake haƙa rijiyar da hannunmu, mun jera mata dutse gwargwadon iyawarmu, ta kuma riƙe. Simintin kuwa har yau bai zo ba. An ce gidan baƙin yana da kyau, har da furanni da ake ba ruwa safe da yamma.

Ga abin da ya sa ban jira ka dawo hutu ba. Ka ga Nasaran nan masu neman dutse, masu yawo da ƙaramin akwati mai kuka, waɗanda suka bi yammacin duwatsu har wajen filin Arlit. Bayan tafiyarka sun zo kwarinmu sun kafa turaku masu jan fenti kewaye da Rijiyar Aduwa. Ba su yi wa kowa sallama ba. Shofer ɗinsu mai tuƙa musu mota, wani mutumin Damagaram, ya sha shayi a wurina, ya ce, "Baba, ruwan nan suke so don sansaninsu. An ce takardar za ta bi ta majalisa, tun da yanzu ku ke da ƙasa." Ku ke da ƙasa! Ban san iyakar gaskiyarsa ba, shofer ne, abin da ya ji a gaban mota yake faɗa. Amma turakun da idona na gan su. In aka ba su ita, mu sai mu gangara ƙasan kwari mu haƙa sabuwa, inda babu dutse ko na jifa, yashi ne zalla. Kuma mai sauka rijiya yanzu ƙanenka Musa ne.

Kada ka zaci za a shigo da takarda a ce ga maganar Rijiyar Aduwa. Za a cusa ta tsakiyar wani dogon karatu da rana tsaka, lokacin da kowa ke tunanin abinci, da wani suna mai daɗi irin na ci gaban ƙasa. Kai kana jin Faransanci, ka fi ni a nan, har kana taƙama da shi. Duk da haka ka nemi a juya kowace magana da Hausa a fili, domin akwai irina a ɗakin, kuma da tsayuwarsu ake cin ka. Ban ce ka ƙi masu neman dutse ba, ban san abin da ke cikin dutsen ba. Ka tambaya dai: wa zai fara sha, su ko dabbobi? In rijiya suke so, me ya hana su haƙa tasu, su da ke da injin huda ƙasa? Ka sa a rubuta amsar, ka sa a karanta maka abin da aka rubuta.

Na ji ka kana gaya wa samari a bakin shayi cewa a parti ba a fita daga layi, in shugaba ya tashi kowa ya tashi. Ran nan na so in jefe ka da buta. Layi na raƙuma ne, ni na san shi, hancin wannan a ɗaure da wutsiyar wancan. Shugaban naku ya taɓa jan guga? Ya san inda Gugaram take? Mutanen da suka tako daga bayan duwatsu suka jefa maka takarda, ba don shi suka yi ba, sunanka suka sani da na ubanka. In partinku ya kore ka saboda ruwan mutanenka, ka dawo, akwai raƙuma, ba za ka kwana da yunwa ba.

Ni na koya maka tashi, ban manta ba. Kana yaro Malam Idi ya shigo ya tsaya kana zaune kan gado, na zuba maka bulalar raƙumi har uwarka ta shiga tsakani. Ga shi nan yana rubutawa yana murmushi. Ban janye ba. A zango, a masallaci, a gidan surukanka, in babba ya tsaya ka sauka ƙasa. Amma da zarar ka shiga ɗakin nan, ka bar wannan tarbiyya a ƙofa tare da sandarka. Za su sa maka tsoho a gefe, mai furfura da tasbaha da daɗin baki, na rantse za su sa. In ya dafa tebur zai miƙe, ka bar shi ya miƙe da ƙarfinsa. Ko ni ubanka na shigo da sanda na tsaya a gabanka, ka zauna daram har sai ka san abin da ake tashi a kansa.

Da uwarka ta ga na kira Malam Idi ta san abin da zan rubuta. Ta zo ta tsaya a bakin bukka, ta ce, "Madugu, ka sa masa tawa a ciki."

Na ce, "Faɗi."

Ta ce, "Ka ce masa kada ya kawo mini yadi daga Yamai. Ragowar wancan tana nan cikin jakata, ta isa mutum ɗaya. Nawa ne, na aje wa kaina. Kada ya sa in auna shi a kan Musa."

Ta juya ta tafi. Shi ke nan abin da ta ce a kan maganar tun ranar da na gaya mata, na kuma sa an rubuta maka shi yadda ya fito daga bakinta.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya tsare ka daga abincin da ke ɗaure harshe da kyautar da ke zama nadama. Ya ba ka ƙafa mai nauyi a inda ya kamata ka zauna, da baki a inda ubanka ya yi shiru. Allah ya jiƙan kawunka Agali, ya gafarta mini. Ka riƙe salla a kan lokacinta. Ka gai da Mushe Garba in yana raye, ka ce masa Madugu ya ce shi ke da gaskiya.

Wassalam.

Ubanka,
Madugu Alhusaini